Abarbar da Turai Ta Daina Saye: Abin da Ya Faru da Manoman Ghana Bayan Zuwan MD2

A shekarar 2004 Ghana ta fitar da ɗanyar abarba kimanin tan 71,000 zuwa waje, kusan dukkanta zuwa Turai. Ba ta taɓa kai wannan adadi ba kafin nan, kuma ba ta sake kai shi ba tun daga lokacin. Cikin 'yan shekaru abin ya zube zuwa kusan rabi. Ba a yi fari ba, wata cuta kuma ba ta cinye gonaki ba. Gonakin Nsawam da gangaren tuddan Akuapem suna nan kore shar, abarba tana nuna yadda ta saba. Masu saye ne suka juya baya. Manyan kantunan Turai sun koma wa wani nau'i da ake kira MD2, manoman Ghana kuwa Smooth Cayenne ce a gonakinsu, ita suka sani, ita suka iya.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ai da sauƙi, tunda mai saye ya canza ra'ayi, manomi ya canza iri mana. Haka jami'ai da yawa suka ɗauki lamarin, kuma a kan wannan fahimta aka tsara taimakon da aka kai wa manoman. Sai dai canza nau'in abarba ba abin da ake yi da baki ba ne, dalilin kuwa yana cikin halittar tsiron kansa.

Halin dangi

Abarba 'yar wani babban dangin tsirrai ce da masana ke kira Bromeliaceae, mai nau'o'i sama da 3,000. Dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne in ban da guda ɗaya tak, Pitcairnia feliciana, da ke fitowa a jikin duwatsun ƙasar Gini. Ita kanta abarba daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka yaɗa ta zuwa gaɓar Afirka da Asiya a ƙarni na 16. Yawancin 'yan'uwanta ba a cin su, don ado ake ajiye su: Guzmania da Vriesea masu fure ja ko rawaya da ake gani a tukwane a harabar otal, Aechmea mai ganye ruwan toka, Neoregelia da tsakiyarta ke rinewa ja idan ta kusa fure, da Tillandsia wadda da yawa daga nau'o'inta ba ruwansu da ƙasa, a reshen bishiya suke maƙalewa, wani lokaci har a wayar lantarki.

Duk da bambancin kamanni, akwai halayen da galibinsu suka yi tarayya a kai. Ganyayen suna fitowa a kewaye su haɗa wani ƙoƙo a tsakiya inda ruwan sama da raɓa ke taruwa, kuma tsiron yana iya shan ruwa da abinci ta gindin ganye. Saiwarsu ba ta nisa, ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. Mai furen tukunya da ya cika tsuga wa Guzmania ruwa a ƙasa zai tarar ta ruɓe daga gindi tun ganyen bai nuna alama ba. Abarba da wasu da dama cikinsu suna rufe ƙofofin numfashin ganye da rana su buɗe da dare, shi ya sa suke jure fari fiye da ayaba ko gwanda. Sai halin da ya fi shafar wannan labari: kowace uwa sau ɗaya take fure. Ta yi fure, ta ba da abarba guda, sai ta fara ja da baya tana fitar da 'ya'yan da za su gaje ta.

Da waɗannan 'ya'ya ake dasa abarba, ba da ƙwaya ba. Akwai waɗanda ke fitowa a gindi da hammatar ganye, akwai na wuyan sandar da ke ɗauke da abarbar, sannan akwai tukkun da ke kanta. Na gindi ya fi saurin kaiwa ga girbi, tukku ya fi jinkiri, kuma idan ɗanya za a sayar, tukkun tare da ita yake tafiya kasuwa. Uwa ɗaya 'ya'ya kaɗan take bayarwa, su ma a hankali, cikin watanni. Manomin masara da ya so sabon iri 'yan mudu zai saya ya ɗaure a bayan babur, damina ɗaya ya juya gonarsa. Manomin abarbar fitarwa yana bukatar tsiro mai rai 50,000 zuwa 70,000 a hekta ɗaya, kowanne nauyinsa giram 300 zuwa 500. Wajen tan 20 ke nan na ɗanyen tsiro, tun kafin a sa fartanya a ƙasa.

Zamanin Cayenne

Smooth Cayenne ta fi ƙarni guda tana mulkin kasuwar duniya. Daga Giyana ta Faransa aka kai 'yan tsirranta ƙasar Faransa wajen 1820, daga can ta bazu har ta zama ginshiƙin masana'antar gwangwani a Hawai. Dalilan son ta a fili suke. Ganyenta ba ƙaya sai ɗan abin da ba a rasa ba a baki, ma'aikaci na ratsa gona ba tare da ya yayyage ba. Tana girma, tana da ruwa, tsaminta kuma yana wa gwangwani kyau. A jirgin ruwa aibinta yake fitowa. Don ta jure tafiya ana yanke ta kafin ta gama nuna, a fesa mata sinadarin etefon ɓawo ya yi rawaya alhali ciki da sauran tsami, kuma idan ta daɗe a sanyi tsakiyarta kan koma ruwan ƙasa. Mai saye a Landan ko Faris ya ɗauki abu mai kyan gani, ya je gida ya yanka ya tarar da wani abin daban. Shekara da shekaru ba shi da zaɓi.

Ghana ta shiga harkar da gaske bayan gyare-gyaren tattalin arziki na 1983, lokacin da gwamnati ke neman abin fitarwa ƙari a kan koko da zinariya da katako. Da farko ta jirgin sama ake kai abarbar, saboda jiragen da ke sauke kaya a Accra kan koma Turai da sauran wuri a cikinsu, ana samun kuɗin dako mai rangwame. Wannan ya yi wa abarbar Ghana suna, don tana isa da nunarta. A tsakiyar shekarun 1990 masu fitar da ita suka kafa ƙungiyar SPEG don su haɗa kaya su cika jirgin ruwa daga tashar Tema. Daga nan adadi ya fara ninkuwa.

Abin da ya bambanta Ghana shi ne waɗanda ke noman. Kaso mai tsoka na abin da ake fitarwa daga hannun ƙananan manoma yake zuwa, masu 'yan ekoki a ƙauyuka irin su Fotobi da Pokrom da Samsam. Cinikin na baki ne. Mai fitarwa ya zo ya duba gona, a yi tsada, ya turo yaransa su fesa etefon, bayan kwanaki su dawo su yanke wadda ta cika sharaɗi su loda a mota, kuɗi ya biyo baya bayan makonni, wani lokaci watanni. Abin da suka bari a sayar wa matan kasuwa. Tsari ne mai rauni ƙwarai, amma ya gina gidaje, ya biya kuɗin makaranta. A ƙarshen shekarun 1990 aka kafa kamfanin Farmapine da tallafin Bankin Duniya. Ƙungiyoyin gama-kai biyar na manoma ne suka mallaki kaso mafi girma a cikinsa, yana ba su taki da magani bashi, yana fitar musu da kaya. Ba da jimawa ba ya shiga sahun manyan masu fitar da abarba a ƙasar, ana ta buga misali da shi a tarukan raya karkara.

Daga Hawai zuwa Kosta Rika

A Cibiyar Binciken Abarba ta Hawai, wadda kamfanonin gwangwani suka haɗa kuɗi suka riƙe, aka yi barbarar wasu tsatso biyu a farkon shekarun 1970, aka zaɓo tsiro ɗaya aka ba shi lamba 73-114. Shi ne daga baya aka sa wa suna MD2. Kamfanin Del Monte ya kai ta gonakinsa na kudancin Kosta Rika a shekarun 1980, ya ga ta karɓi ƙasar, ya yi ta yaɗa ta har ya tara isasshen iri. A 1996 ya fito da ita kasuwa da sunan Del Monte Gold.

Duk abin da babban kanti ke nema yana jikinta. Miƙaƙƙiya ce, samanta da ƙasanta kusan ɗaya, tana zama daram a kwali. Ɓawonta ruwan zinariya, cikinta rawaya, zaƙi da yawa tsami kaɗan. Bitamin C ɗinta ya ninka na Cayenne, kuma cikinta ba ya yin duhu a ɗakin sanyi, don haka tana kai wajen wata guda daga yanka zuwa ci. Mafi muhimmanci ga mai kanti, wadda aka saya a watan Janairu da wadda aka saya a Yuli kusan ɗanɗano ɗaya ne.

Shekaru da dama Del Monte ya ci wannan kasuwa kusan shi kaɗai, a farashin da ya ɗara na Cayenne nesa ba kusa ba. Ya aika wa masu yaɗa iri a Kosta Rika wasiƙun gargaɗi, jama'a da yawa suka ɗauka yana da takardar mallakar nau'in. A shari'o'in da suka biyo baya ta bayyana cewa takardar da ke hannunsa ta wata 'yar'uwarta ce mai suna CO-2, kuma a 2003 ya janye ta. Dama kamfanin Dole ya riga ya fara noman irinta. Daga nan kowa ya tsunduma, a Kosta Rika da Honduras da Panama da Ekwado. Abin da aka dasa a 2003 shi ne ya cika tashoshin Turai a 2004 da 2005. Farashin MD2 ya sauko har ya zama babu dalilin da zai sa kanti ya ɓata wuri da Cayenne.

A nan nake ganin manyan harkar a Ghana ba su da uzuri mai ƙarfi. Daga 1996 zuwa 2004 shekara takwas ce, kuma masu fitar da kayan suna zuwa Turai, suna ganin abin da ke kan kanta. Abin da ya ruɗe su shi ne alƙalumansu na hawa kowace shekara. MD2 ta sa Turawa sun ƙara cin abarba gaba ɗaya, rikicin da ya ɓarke a Kwaddibuwa a 2002 kuma ya buɗe wa Ghana ƙarin gurbi. Kasuwa tana faɗaɗa, su kuma suna ɗauka kayansu ake so.

A gona abin ya zo da muni. Abarba ba ta jiran kowa. Ranar da aka tilasta mata fure an riga an sa ranar girbi, nan da wata biyar sai ta nuna, da mai saye ko babu. Manomi ya dasa shekara guda da ta wuce bisa alkawarin baki, ya zuba taki, ya biya 'yan ƙwadago, rana ta zo motar ba ta zo ba. Matan kasuwa suka riƙa saye a farashin da suka ga dama, kasuwar gida kuma ba ta iya shanye abin da aka noma wa Turai ba, saura ya ruɓe a kan sanda. Farmapine ya kasa biyan manomansa a kan lokaci, manoman suka kasa biyan bashin taki, bai kai ƙarshen shekarun 2000 ba ya durƙushe. Kamfanonin da ke fitar da abarba, da suka kai wajen 50, suka ragu zuwa ƙasa da 20.

Abin da MD2 ke nema daga manomi

Cayenne tana da haƙuri. A sare daji, a ƙone, a jera 'ya'ya a kan gangaren tudu ba huɗa, a ba ta taki sau 'yan kaɗan, a yi mata noma da adda, za ta ba da abin sayarwa. MD2 ba ta yafe irin wannan ba.

Babbar matsalarta ruɓewar tsakiya da ta saiwa, wadda ƙwayar cutar Phytophthora ke jawowa. Cutar tana zaune a ƙasa, tana tafiya a cikin ruwa, kuma idan ruwan sama ya fantsama laka cikin ƙoƙon tsiron ta sami ƙofa. Sai ka ga ganyen tsakiya ya yi fari-fari, ka ja shi ya zare ba gardama, gindinsa ya narke yana wari. Wannan raunin dangi ne, amma a MD2 ya fi tsanani. Saboda haka dole a yi wa ƙasa huɗa mai zurfi da tarakta, a ta da kunyoyi masu tudu, a yanke magudanan ruwa, a zaɓi ƙasa mai yashi-yashi da ɗan tsami, domin cutar ta fi ƙarfi a ƙasar da tsaminta ya ragu. Manomin da ya barbaɗa farar ƙasa ko toka da yawa da nufin gyara gona, cutar ya yi wa hidima. Kafin dasawa ana kifa 'ya'yan gindi sama a rana na 'yan kwanaki har wurin yankan ya bushe, a ware su bisa nauyi don kowane fegi ya girma tare, sannan a tsoma su a ruwan maganin gwari da na ƙwari. A Ghana ana shimfiɗa baƙar leda a kan kunya don riƙe danshi lokacin rani da hana ciyawa. Tarakta da leda kuɗi ne, kuma gangaren tudun da Cayenne ta saba da shi tarakta ba ta hawansa.

Sai ciyarwa. Tunda tsiron yana sha ta ganye, akasarin takin feshi ake yi, yuriya da fotash da ɗan sinadarin ƙarfe da zinki a narke a ruwa, a fesa duk bayan mako biyu ko uku har zuwa lokacin fure. Fotash ya kamata ya fi naitirojin yawa, shi ke ba abarbar ƙwari da daidaiton ɗanɗano. Idan aka zuba ƙwayar taki kai tsaye cikin ƙoƙon, ƙona shi take yi. Akwai kuma wani farin ƙwaro mai laushi da ke ɓuya a gindin ganye yana tsotso, yana yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi ja ya lanƙwashe. Tururuwa ce ke kiwonsa, tana ɗaukarsa daga tsiro zuwa tsiro saboda ruwan zaƙin da yake fitarwa, don haka wanda ya kashe ƙwaron ya bar gidan tururuwa aikin banza ya yi.

Tilasta fure shi ne zuciyar sana'ar. Tun a ƙarni na 19 manoman tsibiran Azores na ƙasar Fotugal suka lura cewa hayaƙi a ɗakin gilashi yana sa abarba ta yi fure gaba ɗaya, daga baya aka gano iskar etilin da ke cikin hayaƙin ce ke aikin. Yanzu manyan gonaki suna fesa etefon ko iskar etilin, ƙananan manoma kuwa kabaid ɗin masu walda suke narkawa a ruwa su tsiyaya a ƙoƙon kowane tsiro, da dare ko da asuba lokacin da ƙofofin ganye ke buɗe. Wannan ba ɗaya yake da nunar da ayaba ko mangwaro da kabaid da hukumomin lafiya ke hanawa ba, domin a nan ana sa shi ne watanni biyar kafin a sami abin ci. Masu ajiye Aechmea ko Guzmania a gida ma dabarar ɗaya ce, sukan rufe tukunyar da leda tare da nunanniyar tufa na kimanin mako guda. Ana yin wannan aiki ne idan tsiro ya kai wata takwas zuwa goma kuma ya yi nauyin da ake so, saboda girman uwa ranar tilastawa shi ke yanke girman abarbar. Matsalar MD2 ita ce saurin yin fure da kanta idan dare ya yi sanyi ko rana ta ɓuya kwanaki. Tsiron da bai isa ba ya yi fure, ya ba da 'yar ƙaramar abarba a makon da babu jirgi, lissafin fegi gaba ɗaya ya rushe.

Bayan yanka ma ba a gama ba. A wanke ta, a shafa mata kakin da ke rage bushewa, a sa maganin gwari a wurin yankan, a jera a kwali mai kilo 12 bisa girma, a sauko da zafinta zuwa digiri 7 ko 8 cikin sa'o'i, kuma kada sanyin ya yanke har Turai. Ga takardar shaidar EurepGAP, wadda ta koma GlobalGAP a 2007, mai neman a rubuta kowane feshi da ranarsa da sunan wanda ya yi shi. Mai fitarwa da ya kashe kuɗi ya sami wannan takarda ba zai so ya cakuɗa kayansa da na manomin da ba ya ajiye littafi ba.

A yi lissafi mai sauƙi. Ko da santi 10 na dala aka sayi kowane ɗa, tsiro 60,000 dala 6,000 ne a hekta, ban da leda, ban da tarakta, ban da magani. Kuɗin zai kwanta wata 13 zuwa 16 kafin a ga kwabo, a ƙasar da a lokacin ruwan bashin banki ya haura kashi 20 cikin 100, a gonar da sau da yawa haya ce daga hannun dangi ko sarki, ba ta da takardar da banki zai karɓa jingina.

Taimakon da aka kawo

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Ta ware dala miliyan 2 don yaɗa irin MD2, aka riƙa samar da ƙananan tsirrai a ɗakin gwaje-gwaje ana raba wa manoma. Da kuɗin Bankin Duniya aka gyara rumfa ta 9 a tashar Tema ta zama ɗakin sanyi. Hukumar USAID ta kawo shirin horarwa, yarjejeniyar dala miliyan 547 da Ghana ta sa wa hannu da Amurka a 2006 ita ma ta taɓa harkar 'ya'yan itace da ɗakunan shirya kaya.

Ɗakin sanyin ya yi amfani, babu musu. Rabon irin ne nake ganin an sa keke gaban doki. Tsiron ɗakin gwaji ɗan mitsitsi ne, sai ya yi watanni a rumfar reno ana lallaɓa shi kafin ya isa shiga gona. An miƙa shi ga mutanen da suka saba dasa ƙaton ɗan Cayenne su juya baya, aka kuma bar su da ƙasar da ba a huɗe ba da aljihun da kasuwa ta riga ta zazzage. Da yawa sun dasa shi yadda suka saba, damina ta zo, tsakiya ta ruɓe. Waɗanda tasu ta tsira suka kai girbi sun tarar farashin MD2 ya riga ya faɗi, saboda Kosta Rika ta cika kasuwa, ga ruwan samanta ya fi yawa ya fi kuma rarrabuwa a shekara, amfanin hektarta ya fi na Ghana sosai. An ɗauki matsalar a matsayin rashin iri, alhali iri shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da manomin ya rasa.

Waɗanda suka tsira kashi biyu ne. Akwai masu jari: Golden Exotics, reshen kamfanin Faransa Compagnie Fruitière da ya shigo Ghana a 2003 da MD2 tun farko, da 'yan manyan gonaki na 'yan ƙasa irin su Bomarts da suka iya cin bashi suka sake fasalin aikinsu. Su kansu da yawa sun daina saye daga ƙananan manoma, suka koma dogaro da gonakinsu. Sai kuma waɗanda suka kauce wa fagen gaba ɗaya. Kamfanin Blue Skies, da wani Bature ɗan Ingila Anthony Pile ya kafa kusa da Nsawam a ƙarshen shekarun 1990, yana fere abarba ya yayyanka a Ghana, ya sa a roba, jirgin sama ya kai ta kantunan Birtaniya cikin kwana biyu. Abarbar da aka fere ba wanda ke tambayar launin ɓawonta ko siffarta, kuma tunda ba za ta kwana a teku ba ana barinta ta nuna a gona. Ta wannan hanya Cayenne ta ci gaba da samun mai saye na wani lokaci, har ma da Sugarloaf, doguwar nan mai tsini da koren ɓawo da farin ciki, wadda ba ta taɓa jure jirgin ruwa ba. Daga baya kamfanin HPW ya buɗe masana'antar busar da 'ya'yan itace a Adeiso, nan ma siffa ba ta da muhimmanci.

Ba Ghana kaɗai abin ya shafa ba. Kwaddibuwa, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen kai wa Turai abarba, tana fitar da kimanin tan 200,000 a ƙarshen shekarun 1990, ta faɗo ƙasa da rubu'in haka, yaƙi da MD2 suka haɗu a kanta. Ita ma Kosta Rika da ta yi nasara, tana fitar da wajen tan miliyan 2 a shekara, ba kyauta ta samu ba. Maganin ciyawa na bromasil ya gurɓata ruwan shan wasu ƙauyuka a yankin Siquirres har aka shafe shekaru ana kai musu ruwa a tanka, kafin gwamnati ta haramta shi a 2017.

Jamhuriyar Benin ta bi wata hanyar. Ita Sugarloaf ce abin alfaharinta, kuma ta sha nata ɗacin lokacin da aka riƙa samun ragowar etefon fiye da ƙa'ida a kayanta, saboda ana tilasta wa abarbar da halittarta kore ce ta yi rawaya don idon Bature. A ƙarshen 2016 gwamnatin ƙasar da kanta ta dakatar da fitar da mai launin zuwa Turai na wasu watanni. A 2020 Sugarloaf ta yankin Allada ta sami rajistar sunan asali daga OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ana tallarta da korenta. Amma babbar kasuwarta ba Turai ba ce, maƙwabta ne. Ita ce abarbar Kwatano da ke shiga Najeriya da Nijar a mota. Najeriya kanta tana cikin ƙasashe goma da suka fi noman abarba a duniya, tana samar da wajen tan miliyan 1.5 a shekara, kuma kusan duk a gida ake cinye ta, daga gonakin Edo da Kuros Riba har kasuwar 'Yan Lemo a Kano. Guguwar 2004 ba ta taɓa manominta ba, don bai taɓa dogara da kantin Turai ba.

A tsohon yankin abarba na Ghana, manoman da suka fita ba duka suka dawo ba. Wasu sun koma rogo da masara da kayan miya, matasa sun gangara Accra. Birnin kuma yana ta matsowa, filayen da ke kewayen Samsam da Nsawam ana yanka su fuloti, masu haƙar yashi suna kwashe ƙasar saman wasu. An buɗe masana'antar ruwan abarba a Ekumfi da ke Yankin Tsakiya, ƙarƙashin shirin gwamnati na masana'anta ɗaya a kowace gunduma, a yankin da Sugarloaf ta fi yawa. Kukan da masu sarrafa abarba a ƙasar suka fi yi a shekarun baya-bayan nan shi ne ba sa samun isasshiyar abarbar da za ta riƙe injinansu.